Ina Marubucin Hausa Zai Duba Idan Yana Neman Mai Wallafa?

A shekarar 1995 wata bazawara mai 'ya ɗaya, wadda ke zaune a birnin Edinburgh na Birtaniya tana lallaɓa rayuwa da tallafin gwamnati, ta kammala rubuta labarin wani yaro maraya da aka kai makarantar koyon sihiri. Ba ta san kowa a harkar littattafai ba. Ba kawu a kamfani, ba malamin jami'a da zai ɗaga waya ya yi mata hanya. Sai ta shiga ɗakin karatu ta ɗauko wani ƙaton littafi mai suna Writers' & Artists' Yearbook, ta kwafi sunayen dillalan littattafai da adireshinsu. Na farko da ta aika wa bai ɓata lokaci ba wajen dawo mata da kayanta. Na biyu shi ne Christopher Little. Shi ya ɗauki labarin ya yi ta yawo da shi, kamfanoni 12 suka ce ba sa so, sannan Bloomsbury ya karɓa a 1996 da kuɗin kafin alƙalami da bai kai fam 3,000 ba. A watan Yunin 1997 littafin farko na Harry Potter ya fito, kuma kwafi 500 kacal aka buga mai kwalin bango. Sunan matar J.K. Rowling.

Masu sayar da irin wannan kundi suna son wannan labari ƙwarai, kuma ba a ga laifinsu ba. Bloomsbury ma, da kuɗi suka zauna masa, a 2000 ya sayi kamfanin A & C Black da ke buga kundin tun 1906, yau shi ke fitar da shi kowace shekara. Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Ofishin Little bai saba karɓar littattafan yara ba. Babi ukun da Rowling ta aika sun riga sun faɗa cikin tarin waɗanda za a mayar wa masu su, sai wata ma'aikaciyar ofishin mai suna Bryony Evens ta ɗaga ta karanta, labarin ya kama ta, ta matsa wa maigidanta. Wato bisa ƙa'idar amfani da kundin, Rowling ƙofar da ba tata ba ta ƙwanƙwasa, Allah ne ya taimake ta. Duk wanda ya kwaikwaye ta a wannan kuskure yana jiran irin sa'arta, zai daɗe yana jira.

Shi kundin ba wani abin sirri ba ne. Jerin sunaye ne da adireshi: kamfanonin wallafa, dillalai, jaridu da mujallu, gasanni, ƙungiyoyin marubuta, har da masu neman zane da hotuna, don ba marubuta kaɗai ya shafa ba. A ƙarƙashin kowane suna akwai ɗan bayani na layi biyar ko goma: irin rubutun da suke karɓa, wanda ba sa karɓa, wa za a rubuta wa, me za a haɗa a aika, nawa suke cira a matsayin la'ada. A Amurka takwaransa shi ne Writer's Market, wanda ya fara fitowa a 1921. Daga baya intanet ta kawo nata, irin su QueryTracker, inda marubuta da kansu ke shigar da bayanin ranar da suka aika da ranar da aka amsa musu, har mutum ya gane wane dillali ne ke amsawa cikin mako biyu, wane ne kuma sai an yi wata shida ba a ji ɗuriyarsa ba. Akwai kuma Publishers Marketplace, na kuɗi, wanda ke nuna cinikin da kowane dillali ya ƙulla da kamfanin da ya saya.

Me ya sa ma sai an bi ta hannun dillali? Saboda manyan kamfanoni biyar da suka mamaye kasuwar littattafan Ingilishi, wato Penguin Random House, HarperCollins, Hachette, Macmillan da Simon & Schuster, galibin sassansu ba sa duba rubutun da marubuci ya turo da kansa. Sun bar wa dillalai aikin tankaɗe da rairaya. Sana'ar ta daɗe; A.P. Watt ya fara ta a Landan wajen 1875. Kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari, don duk wanda ya taɓa kai sa kara ya san dillali ba ya karɓar ko sisi sai an yi ciniki an sallama, sannan ya ɗauki la'adarsa daga kuɗin. Haka dillalin littafi yake. La'adarsa a mafi yawan lokaci kashi 15 ce cikin 100 idan an sayar a gida, kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara ko na wata ƙasa. Idan littafi bai sayu ba, bai ci komai ba. Shi ya sa yake da tsantseni wajen zaɓe, shi ya sa kuma idan ya zaɓa yake dagewa.

Daga nan ne babbar ƙa'idar harkar ta fito, wadda ta fi duk adireshin da ke cikin kundin amfani. Kuɗi daga kamfani suke zuwa wurin marubuci. Duk wanda ya kira kansa dillali ya ce a biya shi kuɗin karatu, ko kuɗin rajista, ko kuɗin gyara kafin ya duba, to ba daga sayar da littafi yake ci ba, daga aljihun marubuci yake ci. Ƙungiyoyin dillalai na Birtaniya da Amurka sun hana mambobinsu karɓar kuɗin karatu, kuma kundi mai kyau yakan sa alama a gefen sunan wanda yake mamba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe kundi daga harafin farko ya yi ta watsa wasiƙa iri ɗaya har zuwa na ƙarshe, yana ganin ai cikin ɗari ba a rasa ɗaya. Ana rasawa. Dillalin da ya rubuta ƙarara cewa ba ya karɓar waƙoƙi, idan aka turo masa diwani, layin farko ma ba zai gama karantawa ba. Masu wayo daga kantin littattafai suke farawa. Su ɗauko littattafai goma da suka yi kama da nasu waɗanda suka fito cikin 'yan shekarun nan, su buɗe shafin godiya, don kusan kowane marubuci a can yakan gode wa dillalinsa da editansa da suna. Da waɗannan sunaye ake komawa kundi a nemo adireshi, daga kundi kuma a wuce shafin intanet na ofishin a tabbatar mutumin yana nan kuma ƙofarsa a buɗe take a wannan wata. Sannan a bi abin da ya nema ba ƙari ba ragi. A Birtaniya yawanci wasiƙa ce ta shafi ɗaya, da taƙaitaccen labarin daga farko har ƙarshe ba tare da ɓoye yadda ya ƙare ba, da babi uku na farko. Wanda aka ce ya turo babi uku ya turo littafi sukutum don yana ganin daɗin labarin yana tsakiya, ya nuna tun kafin a san shi cewa zai yi wuyar aiki.

Jiran amsa kuwa sai an yi haƙuri. Wata biyu ko uku ba komai ba ne, kuma ofisoshi da yawa sun faɗa a fili cewa shiru ma amsa ce.

Kundin takarda yana da wata cuta da ba ta da magani: tun yana ɗakin buga shi ya fara tsufa. Editoci na sauya wurin aiki, ƙananan kamfanoni na rufewa, manya na haɗiye su. Kamfanin F+W Media da ya riƙa fitar da Writer's Market shi kansa ya karye a 2019. A nan Najeriya, OkadaBooks, dandalin da marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai suna sayarwa, ya rufe a ƙarshen 2023. Wanda ya riƙe jerin da aka haɗa shekara uku da suka wuce, rabin wasiƙunsa kango za su tarar.

Tsufa ma da sauƙi a kan damfara. Chinua Achebe ya kusa rasa Things Fall Apart tun kafin duniya ta san da shi. A 1957 ya ga tallar wani ofishin buga rubutu da tafireta a mujallar The Spectator ta Landan, ya ɗauki kwafi ɗaya tilo da yake da shi na rubutun hannu, ya haɗa da kuɗin aiki ya aika. Watanni suka shuɗe babu labari. Sai da shugabarsa a gidan rediyon Najeriya, Angela Beattie, ta je hutu Landan ta taka har ofishin ta tayar musu da hankali, sannan aka zaro rubutun daga inda aka yar da shi aka buga. Heinemann ya wallafa littafin a watan Yunin 1958, kwafi 2,000. Da matar nan ba ta je ba, da ba a san inda adabin Afirka na zamani zai dosa ba. Talla ce Achebe ya bi, ita kuwa talla duk mai kuɗi yana iya sa ta. Ya kamata mai karanta kundi ya lura da wannan, domin wasu kundayen, musamman na intanet, sukan cakuɗa sunayen da aka tantance da na waɗanda suka biya aka sa su.

A Amurka marubuta sun taɓa yi wa wani kamfani gwajin da har yau ake dariyarsa. A lokacin, PublishAmerica yana ikirarin shi kamfani ne mai zaɓe, ba kowane tarkace yake karɓa ba, alhali dala ɗaya yake biya kafin alƙalami, ribarsa kuma daga sayar wa marubutan nasu littattafan take fitowa. Sai wasu marubutan labaran ƙirƙirar kimiyya, a ƙarƙashin jagorancin James D. Macdonald, suka haɗu suka rubuta littafi mafi muni da za su iya, suka sa masa suna Atlanta Nights. Babi ɗaya babu shi gaba ɗaya, wani babin an maimaita shi kalma da kalma a wani wuri, wani kuma manhajar kwamfuta ce ta harhaɗa shi ba kai ba gindi. A watan Disambar 2004 kamfanin ya aiko da takardar cewa ya karɓa. Da marubutan suka tona asiri a watan Janairun 2005, sai ya janye. Irin wannan ne ya sa tun 1998 A.C. Crispin da Victoria Strauss suka kafa Writer Beware, wanda aikinsa tattara sunayen dillalan bogi da kamfanonin cin amana. Duba suna a can kyauta ne, minti biyar ya isa.

Wani salon kuma sabo ne. A watan Janairun 2022 aka kama Filippo Bernardini, ɗan Italiya mai aiki a reshen Simon & Schuster na Landan, a filin jirgin saman New York. Ya yi shekaru yana shigar burtu da sunayen dillalai da editoci na gaske, yana yaudarar mutane su turo masa littattafan da ba a buga ba, har ya tara sama da 1,000. Dabararsa ƙarama ce: ya yi rajistar adireshin intanet mai kama da na kamfani sak, amma inda harafin m yake sai ya sa r da n a manne, ido ya karanta su a matsayin m. A nan kundi na gaske yake da rana. Idan saƙo ya faɗo daga sama cewa wani babban dillali ya ga rubutun mutum a Facebook ya ƙyasa, sai a ɗauki adireshin a gwada shi harafi da harafi da wanda ke cikin kundi. Manyan dillalai ba kasafai suke farautar wanda bai neme su ba, kuma ba sa neman a tura musu kuɗi.

To duk wannan na wanda ke rubutu da Ingilishi ne, ko wanda ya sami mai fassara masa. Marubuciyar da ke zaune a Gusau ko Maraɗi da labarinta na Hausa a cikin waya, idan ta buɗe waɗannan kundaye daga bango zuwa bango, da wuya ta ga dillali ɗaya da zai iya karanta shafinta na farko. Ba don ita aka yi su ba, kuma babu amfanin a yi mata ƙarya.

Tarihin rubutun zube na Hausa ma ba ta wannan hanya ya bi ba. A 1933 mai wallafa ne ya fita neman marubuta: Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai don gasa, daga ciki aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Bayan nan ƙofa ɗaya ce kowa ya sani, Zariya: Kamfanin Gaskiya daga 1945, hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin wallafa na NNPC daga 1966. Inda ƙofa ɗaya ce ba a buƙatar kundi. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980 kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai marubuta suka ɗauki nauyin kansu. Su rubuta, su biya maɗaba'a, su fitar da labari kashi-kashi, su kai wa 'yan kasuwar littafi a Kano su jira a sayar a ba su kuɗinsu. Haka su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka cika gidaje da littattafai ba tare da dillali ko ɗaya ba. Yau kasuwar ta koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda ake karanta littafin mutum a ci kuɗin talla, wani lokaci bai ma sani ba.

Waɗanda suka tsallaka waje daga Arewa, kowa da ɓarauniyar hanyar da ya bi. Helon Habila, ɗan Kaltungo, da kansa ya buga tarin gajerun labaransa a Legas, ɗaya daga ciki ya ci gasar Caine a 2001, daga nan ne kamfanin Landan ya neme shi. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ƙananan kamfanonin gida ne suka fitar da shi, Parrésia a 2015 sannan Cassava Republic, kafin ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016. Mafi ban sha'awa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat. Da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, ba Landan ko New York ce ta buga shi ba, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya, a 2012, kamfanin da dama ya yi suna wajen fassara labaran kasuwa na harshen Tamil. Ya san darajar irin wannan adabi don yana da irinsa a gida. Wannan na nuna cewa ga marubucin Arewa, shafukan baya na kundi, inda ake jera gasanni da tallafin fassara da ƙananan kamfanoni masu karɓar rubutu kai tsaye, sun fi shafukan manyan dillalai amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne abin da babu: kundin Hausa na kansa. Harshen da miliyoyin mutane ke karatu da shi daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi, mai masana'antar fim da ke cin labarai kullum, ba shi da wuri ɗaya sananne da sabon marubuci zai duba ya ga wa ke wallafawa da kuɗinsa ya biya marubuci, wa ke bugawa kawai idan an biya shi, wa ke gyaran rubutu bisa ƙa'ida, wa ke zanen bango, wa ke fassara, wane furodusa ke sayen labari kuma da wace irin yarjejeniya, wace gasa ce ke buɗewa a wane wata. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kowa ya san ta don rediyo na shelanta ta. Sauran fa? Sai wanda ya san wani. Yarinyar da ba ta cikin zauren da ya dace a WhatsApp ba za ta ji ba sai an rufe. Ko yadda ake samun lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, da yawa daga bakin mai maɗaba'a suke jin sa, da farashin da ya ga dama ya faɗa.

Za a ce ai zaurukan sun wadatar, kuma kundi zai tsufa kamar yadda aka faɗa a sama. Zaure yana da amfani, amma maganar da aka yi a cikinsa yau, gobe ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a ɗari, kuma ba wanda ke ɗaukar alhakin abin da aka faɗa. Tsufa kuwa maganinsa a ajiye kundin a intanet, a riƙa sabunta shi, a rubuta ranar da aka tabbatar da kowane suna a gefensa. Ba sabon abu ba ne a nahiyar nan: tun 1977 Hans Zell ya fitar da kundin masu harkar littafi na Afirka, a zamanin da sai an aika wasiƙa ta gidan waya a jira wata guda. Abin da ya fi wuya shi ne gaskiya. Kundin da zai jera kowa da kowa don gudun ɓacin rai, ko wanda zai sa sunan duk wanda ya biya, gara babu shi. Dole a tambayi kowane kamfani tambayoyi masu ɗaci a rubuta amsarsa: wa ke biyan kuɗin bugu, kashi nawa marubuci ke samu, haƙƙin mallaka na hannun wa, shekara nawa yarjejeniya ke ɗauka, waɗanne littattafai ya fitar bara. Wanda ya ƙi amsawa a rubuta cewa ya ƙi.

Masu iya wannan aiki suna nan. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohin Arewa. Sassan harsunan Najeriya na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗalibai kowace shekara da kundayen bincike kan jigo da salo, waɗanda ƙura ke ci a kan kanta. Ɗalibai biyar da malami ɗaya sun isa su tattara sunayen farko cikin zangon karatu guda. Masu shirya bukukuwan littattafai a Kaduna da Kano suna da lambobin kusan duk mai ruwa da tsaki a wayoyinsu. Reshen ANA na Kano, inda kasuwar ta fi ƙarfi, shi ya fi cancanta ya sa wannan magana a ajandar taronsa na gaba, ya naɗa mutum uku, ya ba su wa'adi.